Kwalba Ɗaya Daga Suna Har Yaye: Haɗarin Sirka Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta

 Maganarmu ta yau ta shafi aljihunku, ta kuma shafi iyalin da kuka baro a gida.

Duk magidancin da ya bar mai ciki a gida ya taho neman abin kansa ya san takardar nan ta kayan haihuwa. Da watan haihuwa ya kama sai a bugo masa waya a karanto abin da asibiti suka rubuta: auduga, da safar hannu, da sabuwar reza, da sabulu, da ledar shimfiɗa, da kwalbar Dettol ko makamancinsa, da JIK ko Hypo, wani lokaci har da sifirit. Sai mutum ya ƙuƙuta, daga cinikin tireda ko gadi ko dako, ya aika da kuɗin.

To, mu ɗauki unguwar Ɗan Iya ta cikin garin Bauchi misali. Kuɗi sun isa, an je kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal an sayo kaya, an sauka lafiya, an dawo gida. Abin da ya rage a kwalbar nan sai uwar miji ta ajiye shi bayan ƙofa. Da ya ke abu ne mai tsada, sai a riƙa ɗiga ɗigo biyu cikin baho cike da ruwa, a wanke tsummokin jariri, a wanke miki, a goge ɗaki. In kwalba ta yi ƙasa sai a ƙara mata ruwa a girgiza, a ce ai har yanzu tana ƙanshi. Akwai gidan da kwalba ɗaya tak za ta kai su daga suna har yaye. Abin da a ke yi a Ɗan Iya kuwa shi a ke yi a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, don haka kada wani ya ga kamar da mutanen gida kaɗai a ke.

Mu a ganinmu tattali ne. Amma masana sun daɗe suna jan kunne cewa maganin da aka sirka ya zama tsararo ba ya gama da ƙwayoyin cuta, sai dai ya kashe raunanan cikinsu ya bar masu taurin kai, su kuwa su yi ta hayayyafa. Watau an kashe maciji ba a sare kansa ba.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Ƙwayoyin cutar da mu ke nufi su ne waɗanda likitoci ke kira bakteriya. Halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, har in an jera dubu ɗaya daga cikin irin waɗanda ke sa maruru, tsawonsu duka bai wuce milimita ɗaya ba. Suna nan a fatarmu, da hancinmu, da cikinmu, da ruwan kwata. Da yawansu ba su cutar da kowa, wasu ma amfani su ke yi mana. Amma in miyagun cikinsu suka sami ƙofa, kamar miki, ko cibiyar jariri, ko jikin mai jego, sai su shiga jini su kawo zazzaɓi mai zafi, wani lokaci har a rasa rai.

Abin mamaki game da su shi ne saurin haihuwa. Wasu irinsu, in sun sami ɗumi da abinci, kowace ƙwaya takan rabu biyu cikin minti 20. A kan wannan lissafi, ƙwaya ɗaya da ta tsira da safe za ta iya zama fiye da miliyan 16 cikin awa 8. Ashe ke nan barin 'yan kaɗan da rai ba ƙaramin abu ba ne.

Magungunan wanke-wanken nan kuwa ba abin rainawa ba ne. A shekarar 1847, a wani asibitin haihuwa na birnin Biyenna ta ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya ga masu jego suna ta mutuwa da zazzaɓi, har a watan Afrilu na shekarar aka rasa kimanin 18 cikin kowace ɗari. Sai ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mace, watau dangin abin da ke cikin JIK da Hypo na yau. Cikin 'yan watanni mutuwar ta sauko zuwa wajen 2 cikin ɗari. A 1867 kuma Joseph Lister na birnin Gilasgo ya bayyana yadda ya ke wanke miki da kayan fiɗa da ruwan kabolik. Tun daga nan rayukan da waɗannan magunguna suka ceta ba su ƙidayuwa. Sai dai sharaɗinsu ɗaya ne: a yi amfani da su da cikakken ƙarfinsu.

YADDA A KE HORAR DA SU

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san abin da ke faruwa in aka yi rowar maganin feshi. Ƙwarin da suka sha da kyar su ne za su haifi na baɗi, kuma na baɗin sun fi iyayensu wuyar kashewa. To haka abin ya ke ga bakteriya. A cikin miliyoyinsu ba a rasa 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan bambanta. In magani ya zo da ƙarfinsa, da su da sauran duk sai ya share su. In kuwa ya zo tsararo, su kaɗai za su rage, ga fili ga abinci babu abokin takara.

Masana sun gano dabaru da dama da su ke kare kansu da su. Ta farko, wasu suna da wani ɗan famfo a jikinsu da ke fitar da guba waje da zarar ta shigo, kamar mai kwale-kwale yana kwalfe ruwa. In ruwan da ke shigowa kaɗan ne zai iya da shi, in kuwa ya yi yawa jirgi ya nutse. Magani mai rauni yakan sa a wayi gari masu famfo mai ƙarfi su ne suka yi rinjaye. Ta biyu, sukan sauya fatar jikinsu yadda magani ba zai kama ta da sauƙi ba. Ta uku, sukan taru su lulluɓe kansu da wani yauƙi. Santsin nan da mu ke ji a cikin bokiti ko randa ko bututun ruwa da aka daɗe ba a cuɗa ba, gidansu ne, kuma magani ba ya ratsa shi sosai sai an goge shi da soso. Ta huɗu, wadda ta fi ban tsoro, sukan miƙa wa juna wannan sirri, har tsakanin waɗanda ba irinsu ɗaya ba, kamar yadda maƙwabta ke aron kayan aiki.

Babbar damuwar ita ce famfon nan ba ya tantancewa. Wanda ya iya fitar da maganin goge ƙasa, sau da yawa yana iya fitar da maganin sha ko allurar da likita zai rubuta wa majinyaci.

ABIN DA AKA GANI A ƊAKUNAN BINCIKE

A farkon shekarar 2010 masana na jami'ar Galwe ta ƙasar Ailan suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki wata ƙwaya mai suna sudomonas, wadda ke yawan ɓata miki da ƙuna, suka riƙa ba ta wani maganin goge-goge mai suna benzalkoniyam kaɗan-kaɗan, suna ƙarawa sannu a hankali. Daga ƙarshe sai da aka ninka maganin sau 12 kafin ya hana ta yaɗuwa. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, juriyarta ga sipro, maganin nan da mu ke sha don taifot da ciwon mara, ta ninka sau 256, alhali ba a taɓa haɗa ta da sipro ba.

A 2017 masana na hukumar lafiyar jama'a ta Ingila suka yi irin wannan gwaji da wata ƙwaya mai suna kilebsiyela, wadda ke kawo ciwon huhu da gubar jini, har ga jarirai. Suka saba mata da kuloheksidin mai rauni, maganin da a ke wanke fata da shi a asibiti. Cikin iri shida da suka gwada, biyar sun koma ba su jin kolistin, allurar da likitoci ke ajiyewa sai sauran magunguna duk sun gaza.

A 2018 kuma masana a birnin Melbon na Ostireliya suka gwada samfur 139 na wata ƙwayar hanji da aka tara daga asibitoci tsakanin 1997 da 2015. Suka tarar waɗanda aka samo bayan 2010 sun fi na da jure wa sifirit har ninki 10, a gwajin da aka yi da sifirit mai rauni, mai ƙarfin kashi 23 cikin ɗari.

Tun ma kafin wannan, a shekarun 1960, likitoci a Ingila sun gano ƙwayoyin sudomonas suna zaune daram cikin kwalaben maganin wanke miki da aka sirka aka ajiye a asibitoci, musamman inda a ke ƙara sabo a kan tsoho ba a wanke kwalba ba. Watau ruwan da a ke zaton magani ne shi ya koma mai raba cuta. A Amurka kuma, a 2016, hukumar kula da abinci da magunguna ta hana sa tirikulosan da wasu sinadarai 18 cikin sabulun wanka na gida, don masu yin sa sun kasa nuna cewa ya fi sabulun gargajiya da ruwa amfani, ga kuma tsoron abin da zai haifar nan gaba.

Gaskiya ɗaya ce, yawancin waɗannan abubuwa a ɗakin bincike aka gan su, kuma ƙarfin maganin da ke cikin kwalba sabuwa ya ninka abin da ƙwayoyin suka koyi jurewa nesa ba kusa ba. Saboda haka kada wani ya ce an ce magani ya daina aiki. Yana aiki. Haɗarin yana wurin da aka sirka shi fiye da ƙa'ida, ko aka bar shi ya kwana biyu a buɗe, ko aka zuba shi a kan datti.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Ruwanmu kuwa har tsaki. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka kangare wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. An ƙiyasta rabon Nijeriya a wannan shekara ya kai mutum 64,500. Babban abin da ya jawo haka shi ne shan maganin kafso barkatai, da yanke shi da zarar an ji sauƙi, abin da Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi a kansa tun 1945. Sirka maganin wanke-wanke ƙanen wannan ɗabi'a ne, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, watau NCDC, ta fito da tsarin tunkarar matsalar a 2017, aka kuma sabunta shi a 2024.

Amma mu bar lissafin duniya mu dawo Ɗan Iya. In miki ya ƙi jin maganin kemis, sai a tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani babban asibiti. A can sai an ɗebi ruwan mikin ko jini an kai ɗakin gwaji, a jira kwana biyu ko uku a ga maganin da zai kama, sa'an nan a rubuta allura mai tsada, ga kuɗin gado, ga mai jinya ta bar sana'arta. Wa za a bugo wa waya? Kai ɗin nan da ke Kurmi. Kuɗin kwalba guda da aka yi wa tattali sai ya jawo asarar cinikin wata uku.

MAGANIN CIBIYA

Akwai wani abin alheri da Bauchi ke cikin na gaba-gaba a kansa, wanda ya kamata mu kiyaye kada mu lalata shi da hannunmu. Cibiyar jariri ƙofa ce a buɗe har ta faɗi ta warke. A al'ada akan gasa ta da tsumma mai zafi, wasu su shafa man shanu, ko man goge baki, ko toka. Duk waɗannan suna iya shigar da cuta. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Nepal da Bangaladash da Pakistan, inda mata da yawa ke haihuwa a gida kamar mu, sun nuna shafa kuloheksidin mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari yana rage ruɓewar cibiya da mutuwar jarirai. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunan yara. A wannan shekara jihar Sakkwato ta fara raba shi ga masu haihuwa, Bauchi kuma ta biyo baya, a ƙarƙashin shirin nan na TSHIP da ya yi aiki a jihohin biyu daga 2009 zuwa 2015. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya. A nan gida ma a ke yin sa, a Sango-Ota ta jihar Ogun.

Mai karatu zai lura cewa wannan shi ne maganin da masanan Ingila suka yi gwaji da shi. Bambancin shi ne su mai rauni suka ba ƙwayoyin da gangan, na cibiya kuwa mai cikakken ƙarfi ne. Don haka a shafa shi yadda ya zo, sau ɗaya kowace rana, da hannu wankakke, tun daga ranar haihuwa har kwana bakwai ko yadda ma'aikaciyar lafiya ta ce. Kada a cuɗa shi da man shafawa ko ruwa don ya yi auki, kada a raba ɗan bututu ɗaya wa jarirai biyu, kada kuma a ɗora wani abu a kansa. Sa'an nan a yi hattara ƙwarai: ba maganin ido ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa an sami jarirai a ƙasashen Afirka da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido bisa kuskure.

'YAN'UWA MASU ASKA DA ALMAKASHI

Da yawa daga cikinmu a nan Kurmi aski ne sana'armu, ko yankan farce. Ɗan kwalban nan na ruwa mai kumfa da a ke yawo da shi tun safe har magariba, a tsoma almakashi bayan an gama da wannan a kama wancan, shi ne ainihin irin ruwan da mu ke magana a kansa. Gashi da datti da ɗan jini suna cinye ƙarfin magani, kafin azahar ya zama ruwan banza. Wanzami ma haka, ko a Ɗan Iya ko a Mile 12. Reza dai kowa da tasa sabuwa. Ƙarfen da ba a yarwa kuwa a fara wanke shi tas da sabulu, sa'an nan a goge da sifirit mai ƙarfi a bar shi ya bushe da kansa, da yamma kuma a tafasa shi minti 20. Mai yin haka zai ga masu zuwa wurinsa sun ƙaru, don mutanen birni suna lura.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na ɗaya, sabulu da ruwa mai tsabta sun isa wankan yau da kullum, da wanke hannu, da wanki. Sabulu yana ɗauke ƙwayoyin ne ruwa ya tafi da su, bai bar musu abin da za su saba da shi ba. Ɗiga magani cikin ruwan wanka kullum don ƙanshi asarar kuɗi ce.

Na biyu, in buƙatar magani ta taso, a bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗan makaranta ya karanta masa, ko ya tambayi mai kemis. Fari da ƙanshi ba su ne awo ba.

Na uku, a haɗa daidai na amfanin lokacin, a zubar da ragowar. Ruwan kulorin musamman yakan rasa ƙarfinsa da zafi da hasken rana, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke haɗa sabo kowace rana. Mutanen Bauchi sun ga amfaninsa a annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,500, Bauchi kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Don wanke inda jini ya zuba, in kwalbar mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ce, kofi ɗaya a ke zuba wa kofi shida na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a goge. Wannan haɗi ba na jikin mutum ba ne. Kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanke bayi, don yana tayar da hayaƙi mai guba.

Na huɗu, a fara kawar da datti kafin a sa magani, kuma a ba shi lokaci ya yi aikinsa.

Na biyar, kada a ƙara wa sifirit ko man goge hannu ruwa. Ƙarfinsa ya kamata ya tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari.

Na shida, a guji na ƙulle-ƙulle da na ɗure da a ke talla a robar ruwa, ba suna ba awo. Ba wanda ya san sau nawa aka sirka shi kafin ya iso hannunka. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Na bakwai, in cibiya ta yi ja ko tana wari, ko jariri ya ƙi kama nono, ko mai jego ta yi zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Ba a jiran gobe.

To, ɗan'uwa, in ka tashi aika kuɗin kayan haihuwa a wannan karon, ka haɗa da saƙo. Ka ce wa Inna ko Gwaggo cikin ladabi, kwalbar nan a yi amfani da ita yadda aka rubuta, in ta ƙare a faɗa maka ka sake aikowa, in kuwa babu hali a tsaya ga sabulu da tafasasshen ruwa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.